Bakinsa, Muryar Wani

Ba ta ji muryar mijinta ba, alhali abin da ya kai ta silima ke nan ran Asabar, ita da ƙanensa, watanni bayan rasuwarsa.

Mijin malamin kareti ne, mai in'ina, ya fito a fim biyu. A fim na farko an bar shi da in'inarsa, har 'yan kallo suna kwaikwayonsa a titi. Na biyun kuwa, wanda suka je kallo, don kasuwar waje aka shirya shi. Aka datse faɗan guntu-guntu, aka cika wuta da hayaƙi, aka ɗora wa kowa wata murya.

Ya bayyana a majigi cikin farar rigarsa. Bakin nasa ne, amma maganar tana zuba sumul.

"Matar Yaya, kin ji? Yaya ya warke!" in ji ƙanen yana dariya. Sai ya dubi fuskarta.

"Kullum sai na jira ya ƙarasa sunana," ta ce. "Wannan ko tuntuɓe bai yi ba."

Washegari ta kira kamfanin da ya shirya fim ɗin.

"Hajiya, mun ɗauki tasa muryar," in ji mai haɗa sauti. "Ban dai sani ba ko an goge."

Ya ce zai duba. Bai kira ba tukuna.