Kalmar da Baba Ya Haɗiye

"Likita, duba!" 'Yar majinyacin ta tura masa na'urar awon hawan jini. "Wata uku ina auna Baba safe da yamma, jininsa bai taɓa hawa ba. Kun bi ta jijiyar cinya kun sa masa sabon bawul mai buɗe wa jini hanya a zuciya, to me ya sa har yanzu yake haki?"

"Bawul ɗin lafiya lau yake," in ji likita. "Hawan jinin na huhu ne, awon hannu ba ya gano shi. Tun kafin aikin na gaya wa Baba."

Ta juya wajen Baba da ke zaune a gefe. Baba ya jawo numfashi da ƙyar.

"Ni na haɗiye 'na huhu' ɗin, Uwata, na ce miki hawan jini ne kawai. In awon ya yi kyau, sai na ga kin yi dariya."