Turmi a Gaban Mikro

"Baba, Inna lafiya take kuwa?"

Ya sake sauraron saƙon ɗiyarsa daga jami'a a Yamai. Shi da ya zaci yabo zai sha kan sabon shirin da ya tura mata ta waya.

Wata biyu ya yi yana gyaran ɗakin da yake naɗar shirin manoma don rediyon Tasawa. Ya sayo sabon mikro a Maraɗi, ya lilliƙe bango da kwalayen ƙwai, ya toshe taga da bargo. Matarsa ma, ba tare da ya roƙa ba, ta mirgina turminta zuwa maƙwabta. Murya ta fito tas.

"Can bayan maganarka nake jin dakanta," in ji ɗiyar a saƙon, "da tafin da take yi in ta cilla taɓarya sama. Da shi nake sanin tana da ƙarfi. Yau ban ji ba."

Ya yaye bargon, ya leƙa ta katanga, ya kira matarsa.

"Maido turmin nan gida."

"Ba zai ɓata maka aiki ba, Malam?"

Ya jawo mikron har tsakar gida, ya durƙusa, ya saita shi kusa da turmin.

"Ke dai daka. Ana saurare a Yamai."