Ranar da Motar Mubarak Ta Daina Hayaƙi

Tun kafin motar ta tsaya ƙofar gidansu, Bushira ta san an yi wa injinta wani abu. 'Yar bakanike ce, cikin ƙarar injina ta tashi a Madarumfa. Wata uku ke nan da saurayinta Mubarak ya sayo tsohuwar motar, kullum tana shan baƙin mai tana hayaƙi. Yau kuwa lafiya lau.

"Ta warke?" ta tambaye shi, idonta a kan tabarma.

"Na samu mai saye. Wani dattijo ne daga Gabi, zai riƙa kai mutane kasuwa. Gobe ya biya, jibi magabatana su zo wajen Baba."

Ta ɗago ta dube shi. Ya kau da kai.

"Baƙin mai mai kauri ka zuba mata, ko? Wanda ke ɓoye ciwon inji kwana biyu."

"Haka aka yi mini, Bushira. Sai da aka ɗumama ta aka nuna mini."

"Na sani, a gabana ka rame. Amma in ta mace masa a daji da mutane ciki, da wane ido zan dubi sadakina?"

"In na faɗa masa, ko rabi ba zai ba ni ba. Aurenmu sai baɗi ke nan."

"Baɗi ina nan. Ka zo ko da ƙafa."

Ya daɗe yana juya makulli a hannunsa. Can ya ciro waya, ya kira dattijon.

"Baba, gobe ka zo da sassafe, kafin in tada ta. Ka taho da bakanikenka."