Tsakuwar da Maginiya Ta Bari

Tunda kin ce abin da kika taɓo a jikinki ba ya miki ciwo, gyara zama in ba ki misalin wata maginiyar tukwane. Duk ƙauyensu babu mai hannun matar nan. In ta zauna cuɗa yumɓu, ko tsakuwa ba ta kai ƙwayar dawa ba sai yatsunta sun tsinto ta sun yar, don ta san halinta: ba ta nuna kanta a ɗanyar tukunya, sai an sa wuta ta tsaga randa daga gindi har baki. Matan da ke koyon gini a wurinta sun sha faɗa a kan haka har sun gaji. To, wata rana da hantsi tana wanka, sai yatsun nan nata suka ci karo da ɗan ƙullutu a nononta na hagu, kamar gurjiya, ga tauri, ba zafi ba ƙaiƙayi. Ta taɓa, ta sake taɓawa. Can kuma ta ce wa ranta ai abin da ba ya ciwo ba cuta ba ne, ta ɗaura zane ta koma bakin aikinta.

Amma abin ya ƙi barin ranta. Ta raɗa wa yayarta, yayar ta ce ragowar ruwan nono ne ya daskare tun yayen autanta, ta gasa da ruwan zafi, alhali autan nan har ya yi kaciya. Maƙwabciya ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Mai sassaƙe a kasuwa, ko ganin wurin bai yi ba, ya ce ciwon daji ne, ya ba ta jiƙo da na shafawa, ya kuma ja mata kunne cewa daji ba ya shiri da ƙarfe, ranar da allura ko wuƙar likita ta taɓa shi ranar zai bazu. Wanzami kuwa ya ce a kawo ta ya tsaga ya sa ƙaho, wato ƙarfen da aka hana ta shi ne maganinsa. Wata malamar asibiti da ta zo sayen randa ta ce ta zo a duba ta, mace 'yar'uwarta ce za ta duba. Kan maginiya ya ɗaure tamau. In ta tashi da niyyar asibiti sai ta tuna ƙarfe, in ta ɗaga ƙwaryar jiƙo sai ta tuna malamar. Sau biyu tana yafa mayafi ta kai bakin titi, ta tsaya tana kallon motoci, ta juyo gida ba ta san abin da ya dawo da ita ba. Damina ta wuce, wata ta zo. Gurjiya ta zama ƙwan zabo, fatar wurin ta koma kamar ɓawon lemo, kaluluwa ta fito a hammata, har cuɗa yumɓu ya gagare ta.

Sai da hannu ya ƙi aiki sannan ta je. Aka ɗauki hoto, aka ɗebi ɗan nama aka gwada, likita ta ce sankara ce. Maginiya ta yi tambayar ƙarfen nan da ta hana ta sakat shekara guda. Likita ta ce, "Baba, ba ƙarfe ke baza shi ba, jira ne. Mutane sai ya gama cin jiki suke zuwa, in an rasa su a ce wuƙa ce. Da kin zo yana gurjiya, shi kaɗai za mu cire mu bar miki nononki." Haka aka cire nonon ɗungurungum, aka bi ta da magani wata da watanni, gashinta ya zube, ta rame kamar ba ita ba. Allah ya yi da sauran shan ruwanta, ta tashi. Ranar da ta fara komawa kan yumɓu, ƙirji shafe gefe guda, yatsunta suka tsinto tsakuwa kamar yadda suka saba. Ta riƙe ta a tafin hannu, ta yi ta kuka.

Ni abin da ke ƙona min rai ke nan: hannunta bai taɓa yi mata ƙarya ba, bakunan mutane ne suka ruɗa ta. Saboda haka ɗauki mayafinki mu je a duba ki yau ɗin nan, kada ki biya ta gidan kowa neman shawara. Maginiya ta fi kowa sanin abin da Hausawa ke nufi da suka ce, tun ran gini tun ran zane.