Awa Biyar Daga Jidda

Rahama ta kama kujerar taga a Fijon da ke lodin Kano a tashar Gusau, wasiƙar mijinta Muktar ƙulle a gefen zaninta. Da sassafe ta baro Bungudu, ba wanda ya san inda za ta sai surukarta. Shekara biyu ke nan da mijin nata ya tafi Jidda aikin ɗinki, kuma yau Talata ce ranar da ya ce zai sauka. So take ya fito daga filin jirgi ya gan ta tsaye.

Wasiƙar, kamar sauran, abokinsa Buba ne ya kawo ta hannu da hannu, haɗe da atamfa da kwalbar turare. A ciki ya ce jirginsu zai tashi da hantsi, ya yi awa goma a sama.

Kusa da ita wani dattijo ne, Alhaji Mas'udu, mai sayar da taya a Gusau, wanda ya sauke farali ya kuma koma sau biyu. Da hira ta kai ta faɗa masa zancen awa goman, sai ya yi dariya. Ya ce daga Jidda zuwa Kano kilomita dubu uku ne da 'yan ɗaruruwa, awa biyar ma da ƙyar take cika.

"Ko jaki ke jan jirgin mijin naki, ɗiyata?"

Ta ji haushi, ta mai da fuska taga. Tsufa ne kawai, ai wanda ke can ya fi shi sani.

Sun wuce Tsafe da kaɗan, rana na tsaka, suka tarar da gungumen icce kwance a titi. Direba ya taka birki zai juya, harsashi ya fasa gilashin gaba ya same shi a wuya. Motar ta gangara cikin gonar dawa ta tsaya. Jininsa har kan mayafinta.

Mutum biyar suka fito daga cikin dawar, fuskokinsu a naɗe. Suka finciko fasinjoji suka kwantar da su rub da ciki a kan kunya. Wani ɗan kasuwa ya riƙe jakarsa, suka sare masa hannu da adda. Alhaji Mas'udu ya ɗaga kai yana roƙo don Allah a bar shi ya ɗaure wa direba wuya. Dogon cikinsu, wanda tun fitowarsu bai ce uffan ba sai nuni da bakin bindiga, ya matso ya harbe shi a ƙirji.

Rahama ta cusa fuska cikin ƙasa. Ƙafar dattijon ta yi ta shurin tata har ta daina. Abu ɗaya ke ranta: Muktar na sama yanzu, a kan teku ko a kan hamada, bai san komai ba. Zai isa Bungudu ya tarar ana zaman makokinta.

Aka zo kan mata. Ɗayansu ya fizge mata ɗan kunne har fatar ta tsage, ta ƙwalla ƙara. Dogon ya waiwayo. Ya tako, ya hankaɗe mutumin gefe, ya sa ƙafa ya birkito ta. Bakin bindigar ya sauka a goshinta, da sauran zafinsa. Ta runtse ido ta kama kalmar shahada.

Harbi bai zo ba.

"Rahama," in ji muryar Muktar daga cikin naɗin, "mi ya fito da ke daga gida?"