Wake a Kan Takardar Rijiya

Doña Casilda ta shekara arba'in tana wasan loteriya a harabar coci ba ta taɓa cin ko cokali ba, sai da Don Fulgencio ya sauka a garin da nasa katunan.

Loteriya kowa ya san ta a Santa Rita: mai kira ya zaro kati ya yi masa kirari, mai irin hoton a allonsa ya aza ƙwayar wake. To amma katunan wannan tsoho ba hotunan da aka saba: ba zakara, ba tauraro, ba mashayi. Haruffa ne ɗai-ɗai da bibbiyu, wai sunayen sinadaran da aka gina duniya da su. Ya ce shi malami ne da ya ajiye aiki, zama ya ishe shi. Matan gari suka ce lallai zaman har ya taɓa kai, amma tunda ba a biyan ko sisi, suka cika bencina.

Mutumin ya iya kirari. In ya zaro Au sai ya ce, ga zinariya, 'yar garin nan ce amma ba wanda ya taɓa ganinta. In kuwa ya zaro Pb sai muryarsa ta sauka: dalma, baƙuwa mai shiru, in ta shiga gida ba ta fita.

Abin da ya ɓata wasan shi ne kyautar. Duk wadda ta cika allo, jarkar ruwan sayarwa ake ba ta.

"Malam, ruwa?" in ji Chona, maƙwabciyar Casilda. "A garin da kowa ke da rijiya? Gobe kuma iska za ka raba mana a leda."

Casilda ce ke cinye ruwan kusan kowace Lahadi, har Chona ta fara cewa tsohon yana leƙen allonta kafin ya zaro kati, ko dai aure yake nema. Ita ba ta da sukunin raha. 'Yarta Nélida ta yi ɓari sau uku, ga ciki na huɗu wata biyar, kuma mijin ya riga ya faɗa cewa in wannan ma ya zube, zai tsallaka iyakar ƙasa ya yi arewa ba zai waiwayo ba. An kunna wa waliyyai kyandir har sun gaji, an sha saiwa har ta ƙare a daji. Wasan ne kaɗai wurin da take zama awa guda ba ta ƙirga watanni.

Da damina ta kama, Don Fulgencio ya ƙaro dabara. A bayan wasu katuna ya rubuta lamba, ya ce iyakar abin da jiki zai jure ke nan a ruwan sha. Wadda ta tuna lambar ba ta duba ba, wake biyu. Casilda, da ba ta gama aji biyu ba, ta haddace su kamar addu'a.

Wata Talata tana neman takardar baftismar Nélida a gwangwanin biskit, sai ta ci karo da wata takardar daban. Shekara takwas da suka wuce, da tafkin dagwalon kamfanin haƙar zinariya da ke garin ya ɓalle, yaran kamfani sun bi gida-gida sun ɗebi ruwa, daga baya aka raba wa kowa takarda mai hatimi, aka ce rijiyoyi lafiya lau. Ta adana ta ne don hatimin ya yi mata kyau.

Yanzu haruffan sun zama 'yan gida. Ta shimfiɗa takardar kusa da kaskon tortiya, wainar masarar da suke ci, ta ɗebo wake. Pb, ta aza. As, ta aza. Cd, ta aza. Ta duba lambobin, ta sake dubawa. Dalmar kaɗai ta ninka iyakarta sau tara. A tsakar gida Nélida na jan guga, tana kurɓa daga bakinsa kamar yadda ta saba tun tana yarinya.

Casilda ta same shi a ƙofar ɗakin da yake haya yana yanka sababbin katuna. Ta miƙa masa takardar, bai karɓa ba. Ta tambaya ko ta yi kuskure, ya ce ba ta yi ba. Ta tambaya ko in Nélida ta daina sha yau cikin zai tsaya. Ya ce a daina ɗin, amma dalmar shekara takwas tana cikin ƙashi, ba ta jin sallama.

"To Malam, wane marar tsoron Allah ne ya ga waɗannan lambobin, ya rubuta a sha, har ya sa hannu?"

"Ai kin iya haruffa yanzu, Doña Casilda."

Ta kai yatsa ƙarƙashin hatimin, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana motsa baki, yadda ya koya mata. Shugaban ɗakin gwaji: Fulgencio Arrieta.