Ranar da Inna Ta Yanka Rigar Baba

An daɗe da kwashe Baba zuwa aikin tilas na haƙar kuza, shiru ba labari. Wata la'asar a gidanmu na Kafinsoli, Inna ta zauna tana harhaɗa mana mayafi da tsohon zane da buhun gishiri. Da ƙyallayen suka kasa, sai ta ɗauko rigar saƙin Baba ta zuwa Idi, ta sa aska.

Gwaggo, yayar Baba, ta ce, "Haba Rabi! Saƙi da buhu? In ya dawo fa?"

Inna ba ta ɗago ba. "Yaya, yaran nan sanyi suke ji."

Ni na riƙe mata bakin rigar har ta gama yankawa. Ban ji komai ba, shuni kawai ya kama mini yatsu. Ga shi na tsufa, har yau kukan bai zo ba.